Dutsen da ke cikin littafin Baba

Shekara shida na yi ina fita daga Masaka da sassafe, in hau bas zuwa ofishin da nake buga takardu a cikin Abuja. Da mun kai Nyanya sai mota ta tsaya cak. Wata rana mu fi awa guda a wuri ɗaya, ƙafafuna su kumbura tun ban taɓa aiki ba.

Masinjan ofishinmu ma a Masaka yake, wani dattijo mutumin Filato, kowa Baba yake ce masa. Sau da yawa mota ɗaya muke shiga. Wata safiya a cikin cunkoson ya zaro littafin rubutu daga leda, bangon duk ya yi laushi.

"'Yata, ke da kika iya kwamfuta, ki buga mini wannan."

Labari ne na wata duniya da ya ƙirƙira da kansa, tun yana saurayi yake rubutawa. Rana biyu ke fitowa a can. A tsakiyar ƙasar akwai dutse mai tsarki, ba a nuna shi da yatsa, ba a magana a kansa. Duk wanda ya tsufa sai ya hau shi ba takalmi, ɗauke da tsakuwa ɗaya ta kowane mutumin da ya binne, ya ajiye a can sama, sannan ya sauko.

"Baba, in mutum ya kasa kaiwa fa?"

"Sai ya zauna ya huta. Dutsen ba ya korar kowa."

Na karɓa. Lokacin cin abinci nake bugawa, in oga ya fita. Rubutun ƙanana ne, wani wuri ruwa ya taɓa, idanuna su yi ta yaji. Na kai shafi goma sha ɗaya aka kwantar da mahaifiyata a asibiti a Gwagwalada. Daga ofis in wuce can, daga can in kamo hanyar Masaka. Littafin ya koma ƙasan durowa. Da farko Baba yakan tambaya, in ce gobe. Daga baya ya daina, sai dai ya ce yaya mai jiki. Kunya ta sa na riƙa barin motar da ya shiga ta wuce.

Da ya yi ritaya ya zo karɓar abinsa. Na fitar masa da shafukan, na ba shi haƙuri. A tsaye ya karanta, leɓensa na motsi, ya daɗe a kan shafin farko.

"Ashe haka yake in an buga," ya ce. "Ya isa, 'yata. Ni ma ban taɓa kai tsofaffin labarin saman dutsen ba, kullum a hanya nake barinsu."

Ya roƙi ambulan, na ba shi babba. Ya ce zai koma gida noman dankali, wai ɗansa ya gyara masa ɗaki. Na raka shi bakin get, na dawo na tarar da wasiƙu huɗu suna jirana a kan tebur.