Kwandon da Ban Aika Ba

Da mahaifina ya rasu, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, abu biyu ya bar mini a Kakangi: fadamar shinkafa da kwando guda. A ƙarshen fadamar akwai rami da ya haƙa. In ruwa ya fara janyewa, tarwaɗar da ta yi ƙiba a cikin shinkafar sai ta taru a ciki, mu kwashe. Kamun farko kuwa ba namu ba ne. A kwandon nan ake zuba shi a kai wa amininsa, wani dattijo Gbagyi da ke hayin rafi, wanda nake kira Baba. Kwandon ya zauna a wurinsa, sai an haƙi doya ya dawo da shi cike. Shekara biyu na riƙe wannan ba fashi.

A ta uku masu wankin zinariya suka sauka a saman rafin, suna daka dutse suna wankewa. Ruwa ya riƙa zuwa mana kamar kunu. Ni da wayona sai na ce ai da sauƙi, na tare shi a ramin ya kwanta tukuna. Ya kwanta ɗin, ya yi garau, na yi ta yabon kaina. Na manta tarwaɗa a laka take kiwo.

Agwagina suka fara mutuwa. Matata, mai son kan kifi, ta kama ciwon ciki, hannunta ya kasa riƙe muciya. Malamin asibiti a Birnin Gwari, wanda ya taɓa aiki a wajen masu haƙar ma'adinai, ya tambaye ni abin da muke ci, da inda ruwanmu ke fitowa. Ya ce, "Dalma ce a dutsen nan. Ta shiga laka, ta shiga kifi. Kada ka ci, kada ka ba kowa."

Iyayen matata suka tafi da ita jinya Tabanni. Na rage ni kaɗai, ina binne kifi da hannuna, ina dafa shinkafa da manja. Wallahi gidan ya yi mini faɗi.

To ga inda na yi wauta. Babban masu wankin nan ɗan Baba ne, shi ke ciyar da gidan. In je in ce wa tsoho ɗanka ya zuba mana guba? Bakina ya yi nauyi. Na rataye kwandon, na ce gobe, na ce jibi.

Ran kasuwa muka haɗu da Baba. Ya ce, "Ɗana, bana ramin bai yi ba ne?" Na ce, "Da sauƙi dai, Baba." Ya dube ni ya jinjina kai. Da idonsa ya ga ramin cike da kifi, na sani.

Kafin damina ta dawo ya rasu. Na je gaisuwa, kunya kamar ta kashe ni. 'Yarsa ta ja ni bayan rumbu, ta ɗaga wata tsohuwar tabarma. Doya ce a jere, duk ta yi tsiro, wasu sun ruɓe.

Ta ce, "Taka ce, Yaya. Ya hana kowa taɓawa. Ya ce kwandon yana hanya."