Ƙusata da Hular Darakta

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da aka kira ni kafa kanta a wani buro, wato ofis, na masu aikin gona a Agiye. Ku da kuke huda bango da inji kuna hura hanci, ku matso ku ji yadda malaminku ya kusa kashe mutum da rana tsaka.

Wata Laraba ce bayan damina. Sakatariyar buron, Madam Rabi, ta nuna mani bango fari sumul, ta ce nan take son kantar ɗora takardu, kuma in ta yi kyau ni za a ba aikin teburan buron duka. Ta miƙo mani waɗansu 'yan robobi, wai da su ake kama irin wannan bango. Na jefa su aljihu. Ni da na shekara talatin ina kafe-kafe daga Gangara har Sae Sabuwa, ƙa'idata ɗaya ce: bangon ƙasa, doguwar ƙusa, bangon siminti, ƙusa mai tauri da addu'a. Aji uku na yi a lakol, amma wannan ilimi babu mushen, wato malamin boko, da ya san shi.

Ashe bangon ba bango ba ne. Plako ake ce masa: fallen farin allo biyu, tsakiyarsu iska, da shi aka raba ɗaki gida biyu. Na zaro ƙusa mai tsawon taƙi, na yi bisimilla, na ba ta guduma ɗaya. Ta shige har kai kamar a cikin tuwo. Sai na ji salati daga bayan bango.

Na zagaya da gudu. Daraktan buron ne ya jingina da bangon yana gyangyaɗin bayan azahar. Ƙusa ta ɗauke hularsa tana reto da ita, ta bar shi da sanƙo a fili.

"Aikin wa ke nan?"

"Ranka ya daɗe, nawa ne. Kanta nake kafawa."

"A kaina?"

Ya rantse in aka tashi aiki kanta ba ta tsaya ba, daga Maradi zai kira kafinta. Ɗan Maradi ya zo gyaran aikina! Ai da na daina shiga kasuwa.

Na fito na zauna bakin ƙofa na yi tagumi. Gardin buron, wato mai gadi, wani tsohon Bafulatani, Baffa Juli, ya dube ni ya ce, "Kaɗo, ka wuce ni ɗazu ko sallama babu. Ina zaune nan aka yi bangon nan. Akwai ƙarafa tsaye a cikinsa."

Ya ɗauki sandarsa muka shiga. Ya riƙa ƙwanƙwasa bango kamar mai zaɓen kankana. Nan ƙwam-ƙwam, nan ƙwam-ƙwam, can sai tif. "Nan," in ji shi. Muka samu wurare biyu, na ɗaure kanta da noti a jikin ƙarfe. Madam ta jibga takardu har sama, ko motsi.

Aikin tebura na same shi, amma da sharaɗin Darakta: a waje, ƙarƙashin dogon yaro, inda zai riƙa hango gudumata ta taga.

Saboda haka, ku masu inji, in kun je aiki ku fara gaida gardi, domin ya riga ku ganin cikin bango. Sannan kafin ku ɗaga guduma, ku zagaya ku duba wa ke barci a baya.