Garin Kukar Da Na Zuba Wa Motata

Assalamu alaikum, mai girma edita. A lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne a Adabka, ina noma da damina, ina karantarwa a zaure. Da ajami na tashi, boko da girmana na koye shi, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna. Ina da wata tsohuwar mota da nake kai mutane kasuwar Gummi da ita, kuma a unguwarmu ita kaɗai ce mota. In ciwo ya tashi ƙofata ake bugawa.

Wata rana na ga ruwa yana ɗiga a ƙarƙashinta. Da na duba sai na tarar tiyon da ke kai ruwa daga lagireto zuwa inji ya tsage kusa da baki. Mu nan mun saba ɗaure tiyon injin ban ruwa da robar ɗaurin kaya, ya yi ta aiki har rani ya fita, don haka na naɗe shi da roba tamau. Ɗigar ta ragu amma ba ta tsaya ba. Wani abokin hira a tasha ya ce mini direbobin zamanin da garin kuka suke zubawa a lagireto, yauƙinsa ya bi ruwa ya toshe kowace kafa. Na karɓi kuka a hannun maiɗakina, tana dariya tana tambaya ko motar ma tuwo za ta ci. Na zuba, ɗiga ta tsaya cak. Na yi hamdala, na ɗage zuwa wurin bakanike sai bayan girbi. Na lura allurar zafin inji ta fara hawa fiye da da, amma tunda ba na ganin ruwa a ƙasa sai na kwantar da hankalina. Ban san kukar ta dahu a ciki ta toshe hanyoyin ruwan ba.

Ana cikin damina, da hantsi, aka kawo maƙwabcina a kafaɗa. Bafulatani ne mai kiwo, tare muke sahu a masallaci. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu. Samari masu babura sun riga sun taru, suna cewa a ɗora shi su ruga da shi asibiti. Ni na hana. Na ce mai irin wannan ciwo ba ya son jijjiga, mota ta fi. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ta ce a bi maganar Malam. Ta shiga baya ta ɗora kansa a cinyarta.

Mun yi nisa cikin daji, inda babu gida babu mai wucewa, sai na ji ƙaurin miyar da ta kama. Kafin in tsaya tiyon ya fashe, tururi ya rufe gilashi, injin ya mutu. Na jira ya huce, na buɗe murfin lagireto, na tarar da wani abu kore mai kauri kamar kunu. Na ɗebo ruwan kududdufi na zuba, yana fita ta inda ya fashe. Waya ba ta kamawa a wurin. Inna bakin ɗanta kawai take gogewa da gefen zanenta, don jini ya fara fitowa ta dasashinsa. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, cewa yake kada in damu, in yi a hankali kar in ƙone hannu.

Sai bayan azahar wani mai babur ya biyo. Aka ɗora maƙwabcina a kan abin da na hana da safe. Ya kai asibiti da ransa, amma bai kwana ba.

Na yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya. Duk da haka zuciyata ta ƙi kwanciya, har na je rugarsu bayan an watse zaman makoki, na durƙusa na gaya wa Inna zancen roba da kuka. Sai ta ce, "Malam, ka san ba ta da lahiya, kac ce mu hau?" Daga baya ta ce ta yafe, kuma muna gaisawa, amma ko ciwo ya kwantar da ita ba ta ƙara shiga motata ba.

'Yan'uwa masu mota, ruwan inji yana tafasa ne da ƙarfi, ba irin na injin fadama ba ne. Tiyon da ya tsage canja shi ake yi, kuma kada ku zuba komai a lagireto don toshe ɗiga. In allura ta hau, ku tsaya a duba. Wanda ya fi duka, in kun san abin hawanku yana da aibi, ku faɗa kafin a ɗora muku rai. Ni na sani, na yi shiru. Ku sa ni da marigayin a addu'a.