Na Je Kai Kuka, Bakina Ya Ƙi Sai Godiya

Jama'a, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina, shi ya sa na kawo shi nan ko a dace da mai fassara. Amma bari ku fara jin abin da ke ƙasa. Damina ta uku ke nan kwalbatin bakin layinmu a toshe. Duk ruwan da aka yi, a gindin katangar maƙwabciyata Iya Talatu yake kwanciya, ga ta tsohuwa, ga ginin na ƙasa. 'Yan unguwa sun yanke ranar Alhamis za a je sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma ni aka zaɓa in yi magana. Wasu sun so a tura Malama Rabi, shugabar firamarenmu, amma dattawa suka ce ba ta tauna magana, za ta ɓata mana tafiya. Wai gara ni tela, na saba lallashin masu ɗinkin sallah.

To, a mafarkin sai na gan ni a sakatariyar, da takardar koke a aljihu. Ginin dai shi ne, amma ofisoshin sun jeru ba iyaka kamar shagunan kasuwa. Na leƙa na farko, ba kowa, sai fanka tana juyawa alhali babu wuta. Wata murya daga cikin durowa ta ce, "Ba nan ba ne, sashen ayyuka." A sashen ayyuka wata muryar ta ce in je sashen lafiya, su ke da shara. Can kuwa akuya na tarar a kan tebur tana cin fayil. Ban yi mamaki ba ko kaɗan, har sallama na yi mata.

Sai kawai na gan ni a ofishin ciyaman, 'yan unguwa duk suna bayana a tsugune, takalma a hannu. A kan kujera babbar riga ce zaune, fara ƙal, da hula a sama, amma ba mutum a ciki. Ni da sana'ata, aikin wuyan na tsaya kallo, ina cewa a raina wannan na hannu ne, ba na inji ba. Ku ji shashanci.

Aka ce in yi magana. Na gyara murya, na fara yadda muka gada: "Ranka ya daɗe, da farko muna godiya." Niyyata in taƙaita in shiga maganar kwalbati. Ina! Bakina ya ƙwace. Na yi godiyar rijiyar burtsatsen da ba ta taɓa kawo ruwa ba. Na yi godiyar fitilun titi da aka kafa ba ƙwai. Na yi godiyar motar sharar da a kalanda kawai muke ganinta. Kowacce na faɗa sai in bi ta da "Allah ya saka da alheri", jama'a su ce amin, rigar ta gyaɗa hula.

Ana cikin haka ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, da ledoji da ɓawon rake. Ruwan kwatarmu ne sak, har warinsa na gane. Ya kawo min idon sawu, ya kawo gwiwa. Masu tsugune ya kai musu ƙirji, amma ba wanda ya miƙe, tunda ba a tashi ana addu'a. Na hango Malama Rabi a waje tana buga gilashin taga, bakinta na motsi, ba na jin komai. Na kai hannu aljihu in ciro takardar, sai na ciro tef ɗin awo, ina ja yana fitowa, ya ƙi ƙarewa.

Sai kawai bangon ofishin ya koma katangar Iya Talatu. Ina kallonta tana tsagewa daga ƙasa, Iya na zaune a gindinta tana tsintar wake. Na tattara ƙarfina in ce, "Iya, tashi!" Wallahi abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara wa shugabanninmu lafiya." Ta ɗago ta dube ni, ta shafa, ta ce, "Amin, ɗan nan." Katangar ta taho.

Nan na farka, ana kiran assalatu, jikina sharkaf da gumi.

Da gari ya waye na je na dafa katangar, babban yatsana ya shige kamar a tuwo. Iya ta leƙo ta ce, "Tela, Alhamis ɗin tana nan ko? Bayan Allah, sai kai fa." Na ce tana nan, Iya. Amma tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Sau biyu ina cikin tawagar da ta taɓa zuwa sakatariyar, kuma duka biyun muna tsakiyar godiya aka ce mai girma zai shiga taro, mu dawo wani lokaci.

To, masu sanin mafarki, ku taimaka min. Nuna min ake yi in janye in bar wa Malama Rabi, ko da dattawa za su ji haushina? Ko kuwa cewa ake in je da kaina in buɗe baki da kwalbati, ba gaisuwa ba godiya? In haka ne, ni shekarata hamsin da ɗoriya ban taɓa gani an yi ba. Ku da kuka taɓa tsayawa gaban babba kuka yi hakan, don Allah da wace kalma ake farawa?