Yaya Sale da Maganar da Ba a Faɗa wa Matafiyi

Bana shekara arba'in da bakwai da muka binne yayana Sale a New York. Aikin direba ya kawo shi wani ofishin jakadanci, amma duk Lahadi sai ya sulale filin tseren motoci a bayan gari. Da motar da yake tsere da ita ta kife ta karya masa ƙugu, ya koma riƙe biro, yana aika wa wata jarida a gida labarin tsere. Ni ƙanwarsa ina karatun jinya, muna zaune tare a unguwar Highbridge.

Yaya ba ya rubutu a kan mota sai ya kama tayarta ta gaba ya girgiza, irin na kanikawan Kano. Wata Lahadi ya girgiza ta wani matashin Bature, ya ji tana rawa. Amma mu a gidanmu ba a yi wa mai shirin tafiya mugun baki. Ya yi masa fatan alheri, ya koma wurin zamansa. A zagaye na uku tayar ta fice, mutumin bai kai asibiti da rai ba.

Tun daga ranar Yaya ya zama masifaffe. Ya ga birki ya yi laushi, sai ya tare mai mota a gaban jama'a: "Wannan za ta kashe ka." An kore shi daga fili ya fi a ƙirga. Da zai ga motocin yau masu kukan gargaɗi da kansu, na san tsaki zai ja, ya ce mutane sun bar wa na'ura abin da bakinsu ya kasa.

Ran da zai tafi wani tsere mai nisa, ina zuba masa shayi na ga kofi na karkarwa a hannunsa na hagu, gefen bakinsa ya ɗan saki. Wallahi na san ko mene ne, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a aji aka koya mana. Ya ce, "Ke Binta, kallon me kike mini?" Na ce, "Ba komai Yaya, Allah ya kiyaye hanya." Ina ni ina ce wa babban wa kada ya tafi?

Jaridun nan duk gara ta cinye, filin ma an yi gine-gine. Abin da ya rage sai tsofaffin direbobi da suka ga jikoki saboda tsawarsa. Yaya ya koya wa baƙi magana, ni da muke cin tuwo kwano ɗaya ban koya ba sai da ɗan sanda ya zo mini da labarin rasuwarsa, ya miƙo mini agogonsa a ambulan. Allah ya jiƙanka Yaya, ka yafe mini.