Filin da Na Zaɓar wa Alhaji

Wata biyu bayan mun baro garinmu Tsamaye, kawuna ya samo mini aiki a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Sakkwato. Na gwaji ne, wata ɗaya. Bai ɓoye mini ba: gidansa ya cika, in aikin bai zauna ba sai in koma gida. Ni kuwa tun ranar da na kai fura gona, 'yan bindiga suka fito daga cikin dawa suka tafi da yayana a gaban idona, ko sunan garinmu ba na son a ambata.

A mako na uku maigidan ofis ya ce wani babban Alhaji zai je Maroko, yana son a zaɓo masa filin wasan golf mai kyau. Ban san wasan ba, na kuma ji tsoron tambaya. Na buɗe hotuna a kwamfuta.

Ciyawa ce kore shar, an aske ta kamar kan jariri ranar suna. Mutum biyu ko uku tsaye a tsakiya, sun sunkuya suna kallon ƙwallo, babu mai waiwaye. A gefensu itatuwa, duhu guda. A wurinmu an daina shuka dawa kusa da hanya, sai wake da gyaɗa, don ka hango mai zuwa tun daga nesa. Da wannan idon na yi zaɓe. Duk filin da daji ya kewaye na soke shi. Mai ƙofa ɗaya ma na soke. Na tsaya a kan wani fili fetal, ciyawarsa ta fara bushewa, yana bakin babban titi.

Alhaji ya zo da hantsi, ya duba takardar, ya fashe da dariya.

"Wa ya zaɓo mini wanga filin ƙwallon firamare?"

Maigida ya nuna ni da baki, fuskarsa a murtuke. Na san shi ke nan.

"Ɗiyata," in ji Alhaji, "mi ya sa? Ga masu inuwa, ga masu tafki."

"Alhaji, nan ana ganin kowa," na ce. "Kuma in wani abu ya taso, titi na kusa."

Alhaji ya daina dariya.

"Ke 'yar ina ce?"

"Tsamaye."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce shi ɗan garin Isa ne, damina huɗu ke nan bai taka gonar mahaifinsa ba. Sannan ya ce wa maigida a nemo masa mai itatuwan, don abokansa can za su, amma kada wanda ya yi wa yarinya faɗa.

Bayan ya fita maigida ya ce in zauna a aikin, sai dai daga yau tikitin masu Umara kawai za ni riƙa yi. Na ce to.

Da yamma na gaya wa kawu ba za ni koma gida ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da alwala. Innata ta kira daga Sabon Birni, inda take zaune wurin ƙanwarta. Na ba ta labarin aikin, ta yi mini barka. Har yau babu labarin yaya.