Rumbun da Na Saka Bello

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Sunana Tanko, jikan maƙera. Na yi lakol, wato boko, har aji uku, na kuma yi gadin kantin wani Ba'indiye a Kano. Da wannan tarin ilimi na dawo ƙauyenmu na bakin iyaka, a ƙasar Gidan Rumji, na naɗa kaina mai fassara wahala.

Ba'indiyen ya taɓa ce mini a addininsu mutum zuwa duniya yake yana komawa, kuma wuyar da ya sha a wannan zuwa, aikinsa na wancan ne ke binsa. Liman kuwa ya ce jarrabawa ce, Allah na gwada bawan da Yake so. Ni na riƙe duka biyun. Ta Liman a wurin gaisuwar mutuwa, ta Ba'indiye a gindin dogon yaro, don tsokana.

Ranar da abin ya faru kaka ce, an gama ɗaurin gero. Da hantsi abokin wasana Bello Bafillace ya shigo daga ruga, matarsa Hajjo na biye da ƙwaryar nono. Ƙaya ta soke shi, ƙafar ta kumbura, da ƙyar yake dogara sanda.

Na ce, "Bello, a wancan zuwan saniya ka shura."

Ya ce, "Kai kuma zakara ne, maƙeri. Cara, ba aiki."

Hajjo tana auna mini nono muka ji ƙarar moto, wato babura, daga kudu. Na ce 'yan kabu-kabu ne. Ƙarar ta yi yawa. Kaji suka watse. Sai harbi, ɗaya, sannan ba ƙidaya.

Wani ya ƙwala ihu, "'Yan bindiga! Ku fita! Ku yi gona!"

Bello ya yunƙura, ya faɗi. Ba zai iya gudu ba, ni ba zan iya goya shi ba. Sai dabara ta zo mini. Muna yara, in masu karɓar haraji suka shigo, iyayenmu rumbu suke faɗawa a sauke musu jinka, har a wuce. Ba a taɓa kama kowa ba. Na tokare jinkar rumbuna da itace. Ni da Hajjo muka cicciɓa shi, ya kwanta kan dammunan gero, sandarsa a ƙirji. Na zare itacen. Jinka ta zauna. Har na ja igiya na ɗaure, don kada a ga alamar an buɗe.

Muka bi ta cikin kara. Kara na yankar ƙafa. Wata mata ta toshe bakin goyonta da zani. Ba mai kuka. Da azahar muka hau wani tudu, na waiwaya. Hayaƙi ya miƙe daga gefen rumbuna. Masu haraji kuɗi suke so. Waɗannan ƙonawa suke. Hajjo ma ta waiwaya. Ta ci gaba da tafiya, ƙwaryar na hannunta babu nono.

Da magariba muka shiga Gidan Rumji. Aka zuba mu a filin wata lakol. Aka kawo ruwa, na sha.

Washegari muka koma da jandarma. Shanun ruga babu. Rumbuna sun zama toka, gero na ci a ƙasa har lokacin, yana ƙamshin tumu. Muka rufe waɗanda muka tarar. A gurbin rumbuna na tona da kara. Na sami abin da za a iya sa wa likkafani, da ƙarfen gindin sandar Bello. Ni na ƙera masa shi bara.

A filin lakol aka yi zaman gaisuwa. Na durƙusa gaban Hajjo na ajiye ƙarfen. Da na yi shiru da ya fi, amma bakin da ya saba ba ya jiran izini.

Na ce, "Hajjo, sai haƙuri. Ita wahala, in kika duba asalinta..."

Ta ɗago.

"Ta wa za ka ba ni yau, Tanko, ta Liman ko ta Ba'indiyenka? Bar su su huta. Ina tsaye ka ɗaure igiyar."